Gyaran tsayuwa da zama a jinyar cutar ƙin cin abinci

Cutar ƙin cin abinci, wadda likitoci ke kira anoreksiya, ciwon ƙwaƙwalwa ne da ke sa mutum ya ƙaurace wa abinci don tsoron ƙiba, yana ganin kansa da jiki alhali ƙasusuwansa duk sun fito. Likitan Ingila William Gull ne ya raɗa mata suna a 1873. Ta fi kama 'yan mata masu tasowa, ko da yake maza ma ba su tsira ba, kuma tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa.

Doguwar yunwa tana canja yadda mutum ke riƙe jikinsa. Tsoka ta zube, ƙashi ya yi rauni, musamman in jinin al'ada ya ɗauke. Sai a ga yarinya ta ranƙwafa, kafaɗu a ɗaure, ciki a tsuke, numfashi bai wuce ƙirji ba. Wata kuma sam ba ta zama: a tsaye take karatu, tana ta kai-kawo don ta ƙone ɗan abin da ta ci.

Nan likitocin fisiyo, masu jinya ta hanyar motsa jiki da gashi, ke shigowa. A Norway, Aadel Bülow-Hansen da likitan ƙwaƙwalwa Trygve Braatøy sun kafa wata hanya da ke haɗa numfashi, tsayuwa da halin zuciya. A Suwidin kuma Gertrud Roxendal ta tsara atisayen sanin jiki. Ana sa mara lafiya ta tsaya tafin ƙafa a ƙasa, ta ji nauyinta na sauka, ta saki kafaɗu, ta bar numfashi ya kai ciki. Ana kuma koya mata zama cikin natsuwa bayan cin abinci, lokacin da fargaba ta fi tsanani. Manufar ita ce ta riƙa jin jikinta daga ciki, ta rage dogaro da madubi.

Wannan taimako ne kawai. Tushen jinya shi ne dawo da abinci sannu a hankali a hannun likita, don ciyarwa da gaggawa kan sa sinadarin fosfet da ke cikin jini ya faɗi har zuciya ta tsaya. Ga yara, jinyar da iyaye ke jagoranta, wadda aka fara a asibitin Maudsley na Landan, ita aka fi ba shawara.

A Legas, iyalan Agege ko Mile 12 na iya ɗaukar ramar a matsayin yawan azumin nafila ko taɓin aljanu, a yi ta jinkiri. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, wanda aka buɗe a 1907, da asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba suna da likitocin da za a fara gani.