Guggurun maikirowef

Guggurun maikirowef shi ne guggurun da ake fasawa a cikin na'urar ɗumama abinci ta maikirowef, galibi a jakar takarda da masana'anta ta liƙe da tsabar masara, daskararren mai, gishiri da kayan ƙamshi a ciki. A ninke ake sayar da jakar. Idan aka shimfiɗa ta a na'ura aka kunna, cikin minti 2 zuwa 4 sai ta kumbura ta cika maƙil. Sunan ya haɗa har da wanda ake yi a gida da zallar tsaba a cikin kwano mai murfi. Masarar daɗaɗɗiya ce, na'urar kuma tun gwajinta na farko a 1945 ta fasa gugguru, amma sai a shekarun 1980 ya zama kayan kanti, domin jakar ce ta daɗe ba a shawo kanta ba.

Tarihi

A kudancin Meziko aka fara noma masara, kimanin shekaru 9,000 da suka wuce, daga wata ciyawar daji da ake kira teosinte. Tsabar farko ƙanana ce kuma tana da tauri ƙwarai, shi ya sa masana da dama ke ganin fasa ta a wuta na cikin hanyoyin farko da mutum ya bi ya ci ta. A kufan Paredones da Huaca Prieta da ke gaɓar tekun arewacin Peru an tono totuwa da ɓawon masara da aka kiyasta sun kai shekaru 6,700, kuma rahoton da aka buga a kansu a 2012 ya nuna akwai irin da ke fashewa a ciki. An kuma samu ƙananan totuwa a wani kogo na jihar New Mexico a 1948, sai dai an yi ta saɓani a kan shekarunsu. A ƙarni na 16 limamin Kirista ɗan Sifaniya Bernardino de Sahagún ya rubuta cewa mutanen Aztek na Meziko suna yin ado da fasasshiyar masara a bukukuwan ibadarsu, har 'yan mata kan sa ta a ka su yi rawa.

Gugguru ya zama sana'ar titi a Amurka a ƙarshen ƙarni na 19. Charles Cretors, mai sayar da alewa da ya koma Shikago, ya fara ƙera injinan suyar gyaɗa da masara masu aiki da tururi a 1885, ya kuma kai keken guggurunsa baje kolin duniya da aka yi a birnin a 1893. Masu gidajen sinima da farko ba su so shi ba, saboda ƙarar tauna da ɓata musu darduma. Karayar tattalin arziki ta shekarun 1930 ce ta sauya musu ra'ayi: jaka guda ba ta wuce senti 5 zuwa 10 ba, talaka na iya saye, ribar kuma mai kauri ce. Da talabijin ta shiga gidaje a shekarun 1950, 'yan kallo suka ragu a sinima, 'yan kasuwa suka fara neman yadda za su bi su da gugguru har ɗaki. Jiffy Pop, wani faranti mai rufin alminiyam da ake ɗorawa a kan murhu, ya fito a 1959.

Kafin nan an riga an gano maikirowef. Percy Spencer injiniya ne a kamfanin Raytheon na jihar Massachusetts, wanda bai gama ko firamare ba, ya koyi aikin da kansa har ya zama gwani a kan magnetiron, bututun da ke samar da igiyoyin na'urar hango jirage ta rada a Yaƙin Duniya na Biyu. Labarin da aka fi bayarwa shi ne, a 1945 yana tsaye kusa da magnetiron da ke aiki sai ya ji alewar da ke aljihunsa ta narke. Wasu sun ce cakulan ce, wasu sun ce alewar gyaɗa. Abin da masu ba da labarin suka haɗu a kai shi ne, tsabar masara ce abu na farko da ya sa da gangan a gaban bututun, ta kuwa fashe ta watsu a ɗakin. Kamfanin ya nemi rajistar haƙƙin ƙirƙirar a watan Oktoban wannan shekara. A 1947 Spencer ya sake neman wata rajistar, wadda aka ba shi a 1949, ta yadda za a sa masara da totuwarta a jaka a fasa ta da igiyoyin. Ke nan tunanin jakar ya girmi kasuwarta da fiye da shekaru 30.

Abu biyu suka jawo jinkirin. Na'urar farko da aka sayar, Radarange ta 1947, tsayinta ya kusa mita 2, nauyinta ya haura kilo 300, gidajen abinci da jiragen ruwa kaɗai ke iya ɗaukarta. Sai a 1967 kamfanin Amana ya fito da ta ɗorawa a kan tebur a kan dala 495, kuma an kai ƙarshen shekarun 1970 kafin ta yawaita a gidaje. Na biyu kuma masarar kanta ce. Igiyoyin maikirowef sun fi kama abu mai ruwa, ita kuwa tsabar gugguru busasshiya ce, ƙarama, don haka a jakar takarda zalla wasu ƙwayoyin kan ƙone tun wasu ba su motsa ba.

Injiniyoyin kamfanonin abinci na jihar Minnesota, musamman Pillsbury da General Mills, su suka yi ta fama da wannan a shekarun 1970. Maganin da aka tsaya a kai shi ne wani siririn shafi mai ƙurar ƙarfe da ake liƙawa a jikin jakar, wanda ke shan igiyoyin ya mayar da su zafi. An ba General Mills rajistar irin wannan ƙunshi a 1981. A wannan shekara kuma kamfanin Golden Valley Microwave Foods, wanda James Watkins, tsohon ma'aikacin Pillsbury, ya kafa, ya fito da guggurun jaka mai suna Act I, wanda sai an ajiye shi a firji saboda botar da ke ciki. Act II na 1984 shi ne wanda ke iya zama a kanti ba tare da sanyi ba, kuma da shi kasuwar ta buɗe. Kamfanin abinci na ConAgra ya saye Golden Valley a 1991. Kamfani fiye da ɗaya ne ke iƙirarin shi ya fara, amsar kuwa ta danganta da ko rajista ake nufi ko sayarwa.

Yadda ƙwayar ke fashewa

Ba kowace masara ke yin gugguru ba. Irin da ake amfani da shi, wanda masana ke kira Zea mays everta, yana da ɓawo mai tauri da ba ya barin tururi ya tsere, da sitaci dunƙulalle a ciki, da danshi na kusan kashi 14 cikin 100. Idan zafi ya kama, danshin ya zama tururi, tururin ya rasa mafita, sitacin ya yi laushi ya narke. Wajen digiri 180 a ma'aunin Selshiyos matsin da ke ciki kan kai kusan ninki 9 na matsin iskar waje, a nan ɓawon ke tsagewa. Sitacin sai ya yi ambaliya waje yana kumfa, ya daskare nan take, girmansa ya ninka na tsabar kamar sau 40.

Wasu masu bincike biyu 'yan Faransa, Emmanuel Virot da Alexandre Ponomarenko, sun ɗauki fashewar da kyamara mai saurin gaske suka buga sakamakon a 2015. A digiri 170 kashi 34 cikin 100 na ƙwayoyin ne suka fashe, a digiri 180 kuwa kashi 96. Sun ga cewa da ɓawon ya tsage, wani ɗan reshen sitaci ne ke fara leƙowa ya tokari ƙasa, shi ke wurga ƙwayar sama tana juyi. Ƙarar "fas" ɗin kuma daga fitar tururi take zuwa, tana biyo bayan tsagewar ɓawon da ɗan ƙiris. Wani bincike na Jami'ar Purdue a 2005 ya danganta yawan ƙwayoyin da ke ƙin fashewa da yadda ɓawon kowane iri ke riƙe danshi. Tsabar da ta tsufa ta bushe, ko wadda ɓawonta ya karce, ita ce ke zama a gindin jaka.

Siffar gugguru iri biyu ce: mai fukafukai, wanda ya fi laushi kuma shi aka fi sa wa a jakar maikirowef, da dunƙulalle, wanda masu shafa masa narkakken sukari suka fi so don ba ya saurin karyewa.

Jakar da na'urar

Jakar takarda ce mai ninki biyu, an shafe cikinta da abin da ke hana mai ratsawa. A tsakanin ninkin, a gefe ɗaya kawai, aka manna shafin roba mai shafen alminiyam, siriri har haske na iya ratsa shi. Shi ke yin zafi ya haura digiri 200, ya narkar da man, man kuma ya rarraba zafin a jikin tsabar. Wannan ne dalilin rubutun da ke kan jaka mai nuna gefen da zai kalli sama: idan aka kifa ta, shafin ya koma sama da masarar, aikinsa ya tashi a banza. Bakin jakar an liƙe shi ne yadda zai ɗan saki idan tururi ya yi yawa.

Na'urorin gida suna aiki da igiyoyi masu gigahaz 2.45, ƙarfinsu kuma daga kimanin wat 600 zuwa 1,200. Zafin ba ya sauka daidai ko'ina a cikin akwatin, akwai wuraren da ya fi taruwa, shi ya sa aka yi faifan da ke juyawa. Jakar da ta kumbura ta tokare bango ta daina juyawa takan ƙone a gefe guda.

Yin sa a gida

Lokacin da aka rubuta a jikin jaka kiyasi ne kawai, tunda ƙarfin na'urori ya bambanta. Kunne ne ma'aunin. Da farko ba a jin komai sai gunjin na'ura, daga nan ƙwaya ɗaya ta fashe, biyu su biyo, can sai abin ya ɓarke ba ƙaƙƙautawa jakar tana tashi tana rawa a kan faifai. Da an ji tazarar daƙiƙa 2 zuwa 3 tsakanin fashewa da fashewa, a kashe. Mai jiran ƙwaya ta ƙarshe ƙauri zai kwasa, kuma ƙaurin gugguru na daɗewa a cikin na'ura da ɗaki. Masana'antu da yawa ma suna rubuta cewa kada a dogara da maɓallin gugguru da ke jikin na'urar, domin a wasu na'urorin agogo ne kawai aka saita, ba ya jin abin da ke faruwa a ciki. Wajen buɗewa ana kama kusurwoyi biyu da ke kallon juna a ja, fuska a nesa, saboda tururin yana ƙona fata. Ba a mayar da jakar da aka riga aka yi amfani da ita cikin na'ura.

Wanda ba ya son ta kanti yana iya zuba kwatan kofi na tsaba a kwanon tangaran ko na gilashi mai jure zafi, ya rufe da faranti ya bar 'yar kafa, ko ya yi amfani da kwanon silikon da aka yi don haka. Da mai ko babu mai zai fashe, sai dai ƙwayoyin da za su rage sun fi na jaka yawa, kwanon kuma yakan yi zafin da sai da tsumma. Wasu na ninke tsabar a jakar takarda ruwan ƙasa, amma ma'aikatar noma ta Amurka ta yi gargaɗi a kan dafa abinci a jakar cefane, don ba a yi ta domin zafi ba, tana iya kamawa da wuta. Gishiri ba ya kama busasshen gugguru sai an niƙa shi lilis ko an yayyafa ɗan mai tukuna.

Ci da gina jiki

Gugguru hatsi ne da ba a surfa ba, da dusarsa ake cin sa. Kofi ɗaya na wanda aka fasa ba mai yana da kalori kusan 30. Na jaka ya fi haka nesa, mai da gishiri ne suka kawo bambancin. Likitocin yara a Amurka suna hana ba wa yaron da bai kai shekara 4 ba, don yana iya shaƙe shi, ƙwayar da ba ta fashe ba kuma tana tsaga haƙori.

Taƙaddamar lafiya

A shekarar 2000 aka gano wata cutar toshewar ƙananan hanyoyin huhu a jikin tsofaffin ma'aikata 8 na wata masana'antar guggurun maikirowef a garin Jasper na jihar Missouri. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta bincika ta ɗora alhakin a kan shaƙar tururin kayan ƙamshin bota, musamman sinadarin diacetyl, aka buga sakamakon a 2002. Manyan kamfanonin Amurka sun sanar da cire shi a 2007. Haɗarin da aka tabbatar na masu aiki a gaban tankunan haɗi ne. Na mai ci a gida ana jayayya a kai, ko da yake a 2012 wata kotu a Colorado ta yanke diyyar dala miliyan 7.2 ga wani mutum da ya kamu da ciwon huhu bayan ya shafe shekaru yana cin guggurun jaka kullum. Wasu sinadaran da aka maye gurbinsa da su ma ana tuhumar su.

Daskararren man da aka daɗe ana sa wa shi ne wanda aka sarrafa da haidirojin, mai illa ga zuciya. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yanke hukuncin hana shi a 2015, hanin ya fara aiki a 2018, kamfanoni da yawa suka koma kan tataccen manja.

Sai sinadaran PFAS da ake shafa wa takarda don hana mai ratsawa, waɗanda ba sa saurin ruɓewa a jiki ko a ƙasa. Wani nazari na 2019 a Amurka ya samu sun fi yawa a jinin masu yawan cin guggurun jaka. Kantunan Coop na Denmak sun daina sayar da guggurun jaka a 2015 har sai da aka samo jaka marar su, ƙasar kuma ta haramta su a takardun ƙunshe abinci daga Yulin 2020. A Fabrairun 2024 FDA ta sanar cewa masana'antu sun daina sayar da irin wannan shafe don ƙunshin abinci a kasuwar Amurka.