Waiwaye: Neman Asalin Kakanni a Takardun Zamanin Turawa a Sakkwato

Duk wanda ya tashi neman sunan kakan kakansa a rubuce a ƙasar Sakkwato, da wuya bincikensa bai kai shi ga ranar 15 ga Maris, 1903 ba, ranar da sojojin Ingila suka ci birnin bayan arangamar Giginya. Kafin wannan rana akwai rubutu mai yawa, domin Sakkwato gari ne na malamai, kuma gidajen sarauta da na ilimi suna riƙe da salsalarsu cikin Larabci da ajami. Sai dai daga wannan shekara ne aka fara wani irin rubutu na daban, wato na Razdan da Di'o, wanda aka yi shi domin mulki da haraji, kuma shi ne jikoki da tattaɓa-kunne suke komawa gare shi a yau.

Yaƙin kansa ya raba zuriyoyi da dama. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi gabas da jama'a masu yawa, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na wannan shekara, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno kuma ya ci gaba da tafiya har ya zauna a ƙasar Sudan, a bakin Kogin Nilu, inda garin Mai Wurno yake har yanzu. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta bar wasu dangi a wajen Birnin Ƙonni. Saboda haka idan aka ce wani kaka "ya bi Sarkin Musulmi", ko "ya yi hijira", to labarinsa ya fita daga takardun Lardin Sakkwato tun daga farkonsu.

Waɗanda suka zauna su ne aka rubuta, su ma ba duka ba. Turawa sun karkasa lardin gunduma-gunduma, suka sa uwayen ƙasa su koma su zauna a cikin ƙasashensu, sannan jami'ansu suka riƙa zagayawa suna rubuta rahoton ƙiyasin haraji. A cikin irin wannan rahoto ana samun tarihin gari a taƙaice, da jerin waɗanda suka sarauce shi, da yawan magidanta da shanu da gonaki. Akwai kuma littafin gunduma, inda ake rubuta naɗi da tuɓewa da halin kowane basarake kamar yadda Bature ya gan shi. Wani jami'in Turawa, E. J. Arnett, ya tattara irin waɗannan bayanai a kundin Lardin Sakkwato da aka buga a 1920. Mafi yawan fayilolin suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ƙarƙashin rukunin da ake kira Sokprof, wasu takardun kuma suna nan gida a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu. Ya kamata mai bincike ya tuna cewa lardin na wancan lokaci ya haɗa da Gwandu da Argungu da ƙasar Zamfara, domin sai a 1991 aka cire Kebbi, a 1996 kuma aka cire Zamfara.

Idan kakan mutum uban ƙasa ne, ko alƙali, ko malamin da ke karɓar albashi a En'e, to yana da kyakkyawan zaton ganin sunansa. Idan kuwa manomi ne ko majemi ko maƙeri, galibi ya shiga cikin lissafi ne kawai, adadi ba suna. Mata sun fi kowa ɓacewa, sai fa wadda shari'ar gado ko ta aure ta kai ta gaban alƙali. A ganina wannan shi ne abin da ya fi cancanta a faɗa wa matasa kafin su kama hanyar Kaduna: rashin suna a fayil ba ya nufin rashin asali, domin wanda ya rubuta fayil ɗin kuɗin ƙasa da jangali yake nema.

Sunan ma kansa yana da wuyar kamawa. Bahaushe ba ya da sunan gida guda da ake gada har abada, kowa da sunan mahaifinsa ake kiransa, kuma a makarantun boko na farko an riƙa laƙaba wa yaro sunan garinsu. Sardauna kansa Ahmadu Rabah yake a Kwalejin Katsina, Shehu Shagari kuma da sunan garinsu duniya ta san shi. Ga alkunya, wadda ke hana mace ambaton sunan miji ko na ɗan fari, har laƙabi ya danne sunan yanka. A gunduma ɗaya ana iya samun Muhammadu goma, kuma Bature ya rubuta kowanne yadda kunnensa ya jiye masa. A nan ne bakin tsofaffi yake warware abin da takarda ta rikita. Tsohuwa ba za ta ce 1920 ba, amma za ta ce zamanin Sarkin Musulmi Maiturare, wanda ya yi sarauta daga 1915 zuwa 1924, ko ta ce bayan yaƙin Satiru, wato bayan 1906, ko shekarar yunwar Kakalaba. Kirarin da maroƙa suke yi wa gida shi ma yakan riƙe sunaye uku ko huɗu a jere.

Akwai wani ɓangare da ake taka shi a hankali. Dokar Turawa ta ce duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu, 1901 ɗa ne, ba bawa ba, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai a 1936. Tsakanin waɗannan shekaru kotunan alƙalai sun rubuta dubban mutanen da suka fanshi kansu ko aka 'yanta su. Ga gidaje da yawa, wannan rajista ce kaɗai wurin da sunan kakansu ya fito, wani lokaci har da ƙasar da aka kamo shi. A garin da har yanzu ake binciken asali kafin a ba da aure, irin wannan takarda tana iya ɓata zumunci idan ta faɗa hannun marar riƙon amana. Shi ya sa ya dace wanda ya samo ta ya fara kai ta gaban manyan gidansu, su yanke shawarar abin da za a rubuta wa jikoki da abin da za a faɗa musu da baki.