Abin da ake nufi da "Romeo da Juliet", da abin da ke cikin ainihin labarinsu

A shafukan sada zumunta da hirarrakin matasa, da wuya a sa hoton saurayi da budurwa da suka shaƙu da juna ba tare da wani ya rubuta a ƙasa cewa ga Romeo da Juliet ba. Haka nan idan saurayi ya cika kwarara wa 'yan mata kalamai masu daɗi, abokansa kan laƙaba masa Romeo, wani lokaci don yabo, wani lokaci don zolaya. A bakin yawancin masu faɗa, sunayen biyu na nufin soyayyar da ta kai maƙura, wadda masoyan suka gwammace mutuwa da rabuwa. Wannan ma'ana tana da tushe, sai dai ta ɗauki rabin labarin ne kawai, domin wasan kwaikwayon da sunayen suka fito daga cikinsa ya fi ba da ƙarfi a kan abubuwa biyu da ake yawan mantawa da su, wato gaggawa da gabar da ke tsakanin dangi.

Marubucin Ingila William Shakespeare, wanda aka haifa a 1564 ya rasu a 1616, shi ne ya rubuta wasan, kuma an fara buga shi a 1597. Ba shi ya ƙago labarin ba. Wani marubucin Italiya mai suna Luigi da Porto ne ya fara ajiye shi a birnin Verona da waɗannan sunaye wajen 1530, sai Matteo Bandello ya sake rubuta shi a 1554, aka juya shi zuwa Faransanci, daga nan Arthur Brooke ya mai da shi doguwar waƙa da Ingilishi a 1562. Wannan waƙa ce Shakespeare ya ɗauka ya sarrafa. Sunayen gidajen biyu, Montague da Capulet, sun samo asali ne daga wasu ɓangarorin siyasa na Italiya da mawaƙi Dante ya ambata tun farkon ƙarni na 14, amma su kansu masoyan biyu ƙagaggun mutane ne.

Tun kafin kowane ɗan wasa ya fito, mai gabatarwa yakan tsaya gaban 'yan kallo ya faɗa musu ƙarshen labarin cikin layi 14: manyan gidaje biyu masu daraja iri ɗaya, tsohuwar gaba a tsakaninsu, da 'ya'yansu biyu waɗanda taurari suka juya wa baya, waɗanda mutuwarsu ce kaɗai za ta binne rigimar iyayensu. Abin lura shi ne, daga farkon wasan har ƙarshensa babu wanda ya faɗi abin da ya haddasa gabar. Ba a ambaci gona ko gado ko jinin wani kaka ba. An dai ce tsohuwa ce, kuma kowa ya gaje ta. Faɗan farko da aka nuna ma barori ne suka tayar da shi, inda wani baran gidan Capulet ya ciji babban yatsansa a gaban barorin gidan Montague, alamar da a wancan zamani take daidai da zagi, kuma nan take aka zare takubba har tsofaffin masu gidajen suka fito suna neman nasu. Da mai mulkin birnin, Yarima Escalus, ya iso, sai ya ce wannan ne karo na uku da suka hargitsa titunan Verona a kan maganar banza, ya kuma yanke cewa duk wanda ya sake tayar da fitina zai biya da ransa.

A cikin wannan yanayi aka gabatar da Romeo, kuma a nan ne wanda ya san sunan kawai zai sha mamaki, domin lokacin da ya fara bayyana yana cikin ƙuncin soyayyar wata yarinya ce daban mai suna Rosaline, wadda ba ta kula shi ba. Yana yawo shi kaɗai da asuba, yana kulle kansa a ɗaki da rana, yana rantsuwa cewa rana ba ta taɓa haska kyakkyawa kamarta ba. Ya shiga liyafar gidan Capulet da fuska a rufe ne don ya hango Rosaline, amma da idonsa ya faɗa kan Juliet sai ya manta da ita a take. A daren suka haɗu, a daren suka gano cewa kowannensu ɗan gidan maƙiya ne, kuma a daren suka yi alkawarin aure. Washegari aka ɗaura.

Shakespeare ne da kansa ya ƙara wa labarin wannan sauri, kuma kwatanta wasan da waƙar Brooke yana nuna da gangan ya yi. A wajen Brooke al'amuran sun ɗauki watanni kusan tara, masoyan sun zauna a matsayin ma'aurata na wani lokaci kafin masifa ta afka musu, kuma Juliet tana dab da shekara 16. Shakespeare ya matse komai cikin kwanakin da ba su cika mako guda ba, daga safiyar Lahadi, ya kuma rage shekarun Juliet zuwa 13, inda mai renonta ta lissafa cewa sai daren ƙarshe na watan Yuli za ta cika 14. A Ingila ta wancan zamani yawancin mata sukan wuce shekara 20 kafin su yi aure, saboda haka su ma 'yan kallon farko sun ɗauke ta a matsayin yarinya ƙarama. Duk da ƙuruciyar, ita ce ta fi hangen nesa a cikin su biyun. Ita ce ta ce wa Romeo wannan alkawari ya yi gaggawa, ba a yi shawara a kansa ba, kuma yana kama da walƙiya wadda kan ɓace kafin a ce ga ta. Ita ce kuma ta tambayi abin da ke cikin suna, tana mai cewa fure zai ci gaba da ƙamshinsa ko da an sauya masa suna, wanda shi ne hukunci mafi kaifi da aka yanke wa gabar a duk wasan. Amma bayan ta faɗi duk wannan, ita ɗin ce ta kawo maganar aure.

Limamin cocin da ya ɗaura auren a ɓoye, Fada Laurence, ya yi wa Romeo nasiha da abin da Bahaushe zai ce sauri ya haifi nawa, sannan bai bi nasiharsa ba, ya amince ya ɗaura a ranar, bisa fatan cewa auren zai sasanta gidajen. 'Yan sa'o'i bayan ɗaurin auren, Tybalt, ɗan kawun Juliet, ya tare Romeo yana neman faɗa. Romeo ya ƙi, domin a cikin waɗanda ke wurin shi kaɗai ya san sun zama surukai. Abokinsa Mercutio ya ɗauki wannan a matsayin abin kunya, ya zare takobi, kuma a daidai lokacin da Romeo ya shiga tsakani don ya raba su Tybalt ya soke shi. Mercutio ba ɗan ko ɗaya daga cikin gidajen ba ne, ɗan uwan Yarima ne, kuma yana cikin magagin mutuwa ya yi ta tsine wa gidajen biyu yana roƙa musu annoba. Romeo ya fusata ya kashe Tybalt, aka kore shi daga Verona, ya tafi Mantua.

Masu ɗora laifin duka a kan rawar kan yara sukan tsallake abin da ya biyo baya. Mahaifin Juliet, wanda a ranar Lahadi ya ce wa mai neman aurenta, wani basarake mai suna Paris, ya dakata shekara biyu domin 'yarsa ba ta isa ba, shi ne a daren Litinin ya sa ranar auren Alhamis ba tare da ya ji ta bakinta ba. Da ta ƙi, ya zage ta, ya ce zai kore ta ta je ta yi bara ta mutu a titi. Mahaifiyarta ta juya mata baya, mai renonta da ta san sirrin auren farko ta ba ta shawarar ta manta da Romeo ta auri Paris. Da Juliet ta nuna kamar ta yarda, sai uban don murna ya matso da bikin zuwa Laraba, kuma wannan kwana guda da ya rage ya taimaka wajen rushe shirin limamin. A ganina, gaggawar wannan dattijo ba ta gaza ta yaran ba, kuma shi ba shi da uzurin ƙuruciya.

Shirin limamin shi ne Juliet ta sha wani magani da zai sa ta zama kamar gawa har tsawon sa'a 42, a kai ta kabarin zuri'arsu, Romeo ya zo ya ɗauke ta idan ta farka. Wasiƙar da za ta sanar da Romeo ba ta isa ba, saboda jami'an birni sun killace manzon a wani gida da suke zargin annoba ta shiga. Mutanen Landan sun san wannan sarai, tunda annoba ta sa an rufe gidajen wasan kwaikwayo na birnin tsakanin 1592 da 1594. Baran Romeo ya riga kowa kai masa labarin mutuwar, shi kuma bai tsaya bincike ba, ya sayi guba a hannun wani matalaucin mai magani a kan tsabar zinariya 40, ya koma Verona, ya kashe Paris a bakin kabarin, ya sha gubar. Juliet ta farka jim kaɗan bayan haka, ta soke kanta da wuƙarsa. Idan aka haɗa da mahaifiyar Romeo da baƙin cikin korar ɗanta ya kashe, rayuka shida suka salwanta.

Brooke ya bayyana manufarsa a gabatarwar waƙarsa, cewa labarin izina ne ga masu bin sha'awa suna watsi da shawarar iyaye. Shakespeare bai ɗauki wannan hukunci ba. A fage na ƙarshe Yarima ya juya ne ga tsofaffin biyu, ya nuna musu azabar da ƙiyayyarsu ta jawo, ya kuma haɗa da kansa, yana cewa saboda ya kau da kai daga rigimarsu shi ma ya rasa 'yan uwa biyu, wato Mercutio da Paris. Mahaifan biyu suka yi musabaha a kan gawarwakin, kowanne ya yi alkawarin gina wa ɗan ɗayan mutum-mutumin zinariya. Mai karatu zai iya ganin sulhu a nan, zai kuma iya ganin attajirai biyu da suka koma gasa ta wata hanya.

Daga wannan labari sunayen suka bazu, kuma sun yi nisa da asalinsu. Idan aka ware Romeo shi kaɗai, ma'anar kan karkata zuwa ga mayaudari ko mai bin mata. A lokacin yaƙin cacar baki, hukumar leƙen asirin Jamus ta Gabas ƙarƙashin Markus Wolf ta riƙa tura maza su yaudari sakatarorin ofisoshin gwamnati a Bonn, babban birnin Jamus ta Yamma a lokacin, don su samo bayanai, aka kira su 'yan leƙen asirin Romeo. A 2017 gwamnatin jihar Uttar Pradesh ta Indiya ta kafa rukunonin 'yan sanda da aka sa wa sunan masu yaƙi da Romeo, don kama samarin da ke takura wa mata a titi. A wasu jihohin Amurka kuma ana kiran dokokin da ke sassauta hukunci idan matasa biyu masu shekaru kusa da juna ne suka yi mu'amalar jima'i da sunan masoyan biyu.

Masana halayyar ɗan Adam ma sun ari sunan. A 1972 Richard Driscoll da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya nuna cewa katsalandan ɗin iyaye na iya ƙara wa masoya shaƙuwa, suka kira abin da tasirin Romeo da Juliet. Magana ce mai daɗin ji, shi ya sa ta shiga littattafan karatu, amma da aka maimaita binciken a 2014 ba a samu haka ba, sai ma aka ga cewa soyayyar da dangi da abokai suka amince da ita ta fi ƙarko.

Inda amfani da sunan ya fi dacewa da asalinsa shi ne idan ƙiyayyar jama'a biyu ce ta shiga tsakanin masoya, kamar saurayi Basabiye da budurwarsa Musulma 'yar Bosniya da aka harbe a kan wata gada a Sarajevo, babban birnin Bosniya, a watan Mayun 1993 suna ƙoƙarin ficewa daga birnin da aka yi wa ƙawanya, gawarwakinsu suka yi kwanaki a wurin. 'Yan jarida suka kira su Romeo da Juliet na Sarajevo. Masu karatun Hausa da suka san Laila da Majnun za su ga kamanci, sai dai a can mahaifi ne ya hana aure, mai so ya zauce ya shiga daji tsawon shekaru, yayin da a Verona aka yi auren kuma komai ya ƙare cikin kwanaki.

A birnin Verona na yau akwai wani tsohon gida da ake nuna wa baƙi a matsayin gidan Juliet, saboda ya taɓa zama mallakar wani dangi mai suna Cappello. Masu yawon buɗe ido kan yi layi don ɗaukar hoto a barandarsa, wadda aka ƙara wa ginin a ƙarni na 20, alhali rubutun Shakespeare taga ya ambata. Wasiƙu kan zo daga ƙasashe daban-daban da sunan Juliet, masu rubutawa suna neman shawara a kan soyayyarsu, kuma akwai wata ƙungiyar 'yan sa kai a birnin da ke zama tana amsa su.