Tabon matatar ƙoda: na mai suga da na wanda ba shi da suga, duk ɗaya ne?

Wai mece ce ma matatar ƙoda?

Kowace ƙoda akwai 'yan ƙananan matatai a cikinta kusan miliyan ɗaya, kowacce ɗan dunƙulen jijiyoyin jini ne da ido ba ya iya gani. Su ke tace ruwan jini, wajen lita 180 a rana, jiki ya maida kusan duka, abin da ke fita fitsari bai fi lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. In matata ta yi tabo sai ta taurare ta fara yoyo, furotin da ya kamata ya zauna a jini ya riƙa bin fitsari. Shi ya sa za ka ga fitsari da kumfa wadda ba ta saurin kwanciya, ƙafa ta kumbura in ka danna da yatsa ramin ya zauna.

To na mai suga ya yake zuwa?

A hankali yake cin mutum ba hayaniya, sau da yawa sai an shekara 10 zuwa 15 da ciwon kafin ya nuna, sai dai masu suga nau'i na biyu, wato wanda ya fi kama manya, wani ranar da aka gano sugan ma ƙodar ta riga ta taɓu don ya daɗe da shi bai sani ba. Sugan da ya yi yawa yana sa bangon matatar ya yi kauri, kuma kusan duk matatun yake shafa, wani lokaci har a ga wasu ƙulle-ƙulle zagayayyu a ciki. Likitoci biyu, Kimmelstiel da Wilson, su suka bayyana su a 1936, har yau da sunansu ake kira.

Wanda ba shi da suga fa?

Nan labarin ya fi rassa. Wanda aka fi sani shi ne FSGS, wato wasu matatun ne kawai suka taɓu, kowacce ma wani ɓangarenta. Yana iya zuwa haka kawai cikin 'yan makonni da kumburi mai yawa, har ga yara da matasa, yana kuma iya biyo bayan ƙiba sosai, ko HIV, ko sikila. Akwai na gado ma: a 2010 aka gano wasu nau'o'in ƙwayar halittar APOL1 da suka fi yawa a masu asalin Afirka ta Yamma, suna ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci, amma wanda ya gaji biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, haɗarin kamuwarsa da wannan ciwon ƙodar ya ƙaru. Abin mamaki, ƙulle-ƙullen nan irin na masu suga ana ganinsu jefi-jefi a wanda bai taɓa suga ba, yawanci mai hawan jini da ya daɗe yana shan taba.

Kenan in ina da suga ƙodata ta samu matsala, sugan ne?

Ba dole ba, kuma nan ake yawan yin sakaci gaskiya. Mai suga ma wani ciwon daban na iya kama shi. Likita zai duba bayan ido, don sugan da ya ɓata ƙoda yawanci ya taɓa jijiyoyin ido. In ido lafiya lau, ko akwai jini a fitsari, ko abin ya zo farat ɗaya, to sai a sa allura a ciro ɗan ƙaramin tsokar ƙodar a duba.

Maganin fa?

Wani wurin sun haɗu: a riƙe hawan jini da irin su lisinopril ko losartan, a rage gishiri, a guji yawan shan diclofenac da ibuprofen. Dapagliflozin ma da aka yi don suga, an ga yana kare ƙodar marasa suga. Inda suka rabu shi ne prednisolone, maganin da ke kwantar da garkuwar jiki, ana ba mai FSGS ɗin da ya zo haka kawai, amma mai tabon suga ba abin da zai masa sai ma ya hautsina sugan. Kuma wannan FSGS ɗin ko an yi dashen ƙoda yana iya dawowa, wajen mutum ɗaya cikin uku.