Leburanci a wurin gini ba makoma ba ce ta dindindin

An daɗe ana ɗauka cewa wanda ya fara da ɗaukar kwanon sarki a wurin gini, a nan zai tsufa. Wannan fahimta ba daidai ba ce, kuma tana hana matasa da yawa shiga sana'ar da ke ciyar da gidaje.

Birkiloli da dama daga leburanci suka taso. Leburan da ke lura yana koyon kwaɓin kankare, misali awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, sannan ya koyi jera bulo da filasta a hannun maigidansa, har a fara ba shi katanga shi kaɗai. Abin da ke tsayar da mutane da yawa shi ne rashin takardar shaida, domin manyan kamfanoni kan nemi ganinta kafin su ɗauki mutum aiki. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a Najeriya tana shirya jarrabawar gwajin sana'a mai matakai uku, ana farawa daga na 3 a ƙare a na 1, kuma hukumar ITF, wato asusun gwamnati na horar da ma'aikatan masana'antu, wadda aka kafa a 1971, tana horar da masu sana'ar hannu.