Ka kai jininka a auna tun kana kan ƙafarka

Tun shekarar 2004 Saudiyya ta wajabta wa 'yan ƙasa gwajin jini kafin ɗaurin aure, don a gano masu ɗauke da sikila da talasimiya, wata cutar jini ta gado. Mutanenmu na Makka da Jidda da Madina sun saba da wannan. Ango lafiya lau, amarya lafiya lau, amma kowa ya yarda jini zai faɗi abin da ido bai gani ba. Roƙona a matsayina na ma'aikaciyar lafiya shi ne mu ba zuciya irin wannan kulawar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, kusan kashi ɗaya cikin uku na duk mace-macen shekarar. Ciwon kuma a hankali yake ginuwa. Kitse yana maƙalewa a bangon jijiya kamar yadda gishirin ruwa ke taruwa a cikin bututun famfo, shekara goma, ashirin, hanya tana tsukewa. Duk tsawon lokacin nan Alhaji yana ɗawafinsa, yana tura keken alhazai, yana sauke kaya a Sharar Mansur, ba ya jin komai. Sai ranar da gudan jini ya toshe ragowar hanyar, a ce ai jiya ma an gan shi a masallaci.

A 1948 aka fara bin lafiyar mutum 5,209 a garin Firamingam na Amurka, ana auna su duk bayan shekara biyu, ana lura da waɗanda ciwon zuciya ya kama daga baya. Daga nan aka gane rawar da hawan jini da kitsen jini da shan taba suke takawa, kuma daga nan likitoci suka koyi ƙiyasta haɗarin mutum tun yana garau.

Gwaji na farko shi ne na kitsen jini, wato kolestarol. A takardar tahalil, wato sakamakon gwaji, za ku ga LDL, shi ne mai maƙalewa a jijiya, ana so ya kasance ƙasa da 100. HDL kuma, wato kolestarol mai kyau, ana so ya kai 40 ga namiji, 50 ga mace. Tiraigilisaraid, wani nau'in kitsen jini, ƙasa da 150. Kada ramammen mutum ya ce wannan maganar masu tumbi ce. Akwai gidajen da yawan kolestarol gado ne, kusan mutum ɗaya cikin 250 ke da irinsa, kuma jiki ba ya nunawa.

Na biyu shi ne HbA1c, mai nuna yadda sukarin jini ya kasance a watanni biyu zuwa uku da suka wuce. Ƙasa da 5.7 lafiya ne. Daga 5.7 zuwa 6.4 ana bakin ƙofa. Daga 6.5 zuwa sama ciwon sukari ne, bayan an tabbatar. A nan ne nake so 'yan uwa su buɗe kunne, domin gwajin nan a jikin jajayen ƙwayoyin jini yake karanta sukari, mu kuwa sikila ta yi yawa a cikinmu. Mai SS ƙwayoyin jininsa ba sa daɗewa, sai lamba ta fito ƙasa alhali sukari yana sama. Mai AS ma wasu na'urorin suna iya kuskure a kansa. Haka wanda aka ƙara wa jini kwanan nan ko mai ƙarancin jini sosai. Saboda haka, Hajiya, kafin a soka allura ki faɗa wa likita ko ke AA ce, ko AS, ko SS. Idan ya ga HbA1c ba zai amintu ba, zai auna sukarin safe kafin karin kumallo, wanda ake so ya zauna ƙasa da 100, kuma 126 zuwa sama alamar ciwon ce.

Akwai hs-CRP, mai nuna kumburin ɓoye a jiki. Ƙasa da 1 haɗari kaɗan ne, 1 zuwa 3 matsakaici, sama da 3 babba. Sai dai wannan lambar tana da saurin tashi. Murar bayan aikin hajji, ciwon haƙori, zazzaɓin cizon sauro da mutum ya kwaso daga ziyarar gida, duk suna ɗaga ta. In ta haura 10, a bari a warke a sake aunawa. Ba a yin wannan gwajin ana cikin jinya.

Wanda ya fi damuna, saboda mutanenmu ba su ma ji sunansa ba, shi ne Lp(a). Wani likita ɗan ƙasar Norwe, Kare Berg, ya gano shi a 1963. Nau'in kitse ne da mutum ke gada daga iyaye. Rage kabsa ko yawan tafiya ba sa saukar da shi sosai. Kusan mutum ɗaya cikin biyar a duniya yana da shi da yawa, kuma 'yan asalin Afirka sun fi sauran jama'a yawansa a jini. Gwajin kolestarol na yau da kullum ba ya nuna shi, sai an nema da suna. Daɗinta, sau ɗaya a rayuwa ya wadatar ga yawancin mutane, kuma haka ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta ba da shawara tun 2019. Wani zai ce to mene ne amfanin sanin abin da ba ka iya canzawa? Amfaninsa likita zai matsa wa sauran lamba: ya sauko da LDL sosai, ya tsare hawan jini, ya ce a auna 'ya'ya da ƙanne. A 2024 an fitar da sakamakon bin mata Amurkawa kusan 28,000 har shekara 30, aka ga cewa awon LDL da hs-CRP da Lp(a) da aka yi musu tun farko ya nuna waɗanda suka fi shiga haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki bayan duk waɗannan shekarun.

Abin da ba na so shi ne a karɓi takarda, a ga lamba ɗaya da jan layi, a tura hotonta a WhatsApp ana neman fatawa. Lamba ɗaya ba hukunci ba ce. Likita yana haɗa ta da shekaru, da awon hawan jini, da lafiyar ƙoda, da shan sigari ko shisha ko shamma, da tarihin gida. Idan mahaifi ko ɗan'uwa ya yi bugun zuciya kafin shekara 55, ko mahaifiya ko 'yar'uwa kafin 65, a faɗa ko ba a tambaya ba. LDL 130 a jikin ɗan shekara 30 da ba ya shan taba daban yake da 130 a jikin Baba ɗan 60 mai sukari. Na farko ƙila rage samin da soye-soye da lemon kwalba, da tafiyar minti 150 a mako, su ishe shi. Na biyu ƙila sai an haɗa da ƙwayar sitatin mai rage kolestarol, kuma in an rubuta ta ba a dainawa don an ji sauƙi, tunda dama can ba a jin ciwon.

Duk wanda ya kai 40 bai taɓa aunawa ba, ya je. Mai tarihin gida ko ƙiba kada ya jira 40 ɗin. Ana yin yawancin gwaje-gwajen a cibiyar lafiya ta unguwa ko a mustausaf, masu inshorar wurin aiki kuma su tambaya abin da ta ɗauke musu. In an ce a zo ba a ci komai ba, awa 9 zuwa 12 ake nufi. Ruwa zalla a sha, amma ban da shayi mai sukari, ban da dabino ko da guda uku ne. Lambar 937 ta Ma'aikatar Lafiya tana amsa tambayoyi dare da rana.

Duk wannan na mai lafiya ne. Wanda ya ji ƙirjinsa ya danne, ciwo yana gangarawa hannu ko muƙamuƙi, ga gumi da sarƙewar numfashi, ko bakinsa ya karkace, wannan ya wuce zancen tahalil. A kira motar asibiti ta Hilal Ahmar a 997 nan take, kada a ce bari a ga safiya.