Fayil ɗaya, manhajoji da yawa: me ƙa'ida ta ce?

Ƙanena mai shagon buga takardu a hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya kira ni hankalinsa a tashe. "Yaya, manhajar zanen katin biki ta ƙi buɗewa, wai babu VCRUNTIME140.dll." Ga mai aiki zaune a kan benci yana jira, shi kuma har ya samo fayil ɗin a wani shafin intanet da bai san masu shi ba. Na ce masa kul.

Mai rubuta manhaja da C++ ba shi ke rubuta komai da hannunsa ba. Kwamfaila, wato manhajar da ke juya rubutunsa zuwa umarnin da na'ura ke ganewa, tana zuwa da ƙananan ayyuka da aka riga aka tanada, irin su ware ƙwaƙwalwa da tare kuskure kafin ya kayar da aiki. Tarin waɗannan ayyuka shi ake kira laburare, kuma VCRUNTIME140.dll irin wannan fayil ne. Ana ajiye kwafi ɗaya a kwamfuta kowa ya ɗiba, kamar rijiyar burtsatse ta unguwa.

Lasisin Microsoft ya ba mai Visual Studio, wato manhajar kamfanin ta rubuta manhajoji, damar raba waɗannan fayiloli tare da manhajarsa, amma waɗanda kamfanin ya lissafa kaɗai, kuma ba tare da an taɓa su ba. Shawarar kamfanin ita ce a girka su ta ƙunshin Visual C++ Redistributable, domin gyara ya riƙa iso musu ta Windows Update. Wani sauƙin kuma, tun daga fitowar Visual Studio ta 2015, da na 2017 da 2019 da 2022 duk rijiya ɗaya suke sha, shi ya sa lambar 140 ba ta canja ba. Sabon ƙunshi yana ɗaukar tsofaffin manhajojin wannan jeri. Sai dai na x86 (na manhajoji masu bit 32) daban, na x64 (na masu bit 64) daban, kuma nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe: kwamfutar ƙanena 64 ce, manhajar kuwa 32, saboda haka na x86 take nema.

A ɓangaren Linux abin ya fi tsauri, kuma ni dai ya fi kwanta mini. Sashe na 4.13 na kundin ƙa'idar Debian, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, ya ce bai kamata ƙunshi ya yi aiki da kwafin laburaren da ya zo da shi a ciki ba, matuƙar akwai laburaren a Debian. Dalilin tsaro ne. In aka gano ɓaraka, a toshe wuri ɗaya kowa ya tsira. In kuwa kwafi ya watsu cikin manhajoji hamsin, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma dole a manta da wasu.

Ɗalibanmu masu amfani da kwamfailar GCC sukan tambaye ni ko jingina da laburarenta na C++, wato libstdc++, zai tilasta musu buɗe sirrin manhajar da suke son sayarwa, tunda laburaren yana ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ke wajabta wa mai raba manhaja ya bayyana rubutunta. A'a. Gidauniyar FSF, wadda ta tsara lasisin GPL, ta fitar da togaciya a 2009 wadda ta ce manhajar da aka haɗa da GCC, mai ita na iya raba ta da lasisin da ya ga dama.

Ƙanena ya sauke ƙunshin x86 daga shafin Microsoft, katin bikin ya fito kafin La'asar.